Jirgin Babanka Ba Zai Kalli Teku Ba

Siros, 1 ga Disamba

Pandelis ɗana,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya jiki, yaya ruwa, yaya bayan nan naka da ka ce yana riƙe ka in ka sunkuya a ɗakin injin? Ka riƙa sa rigar ciki. Na san ba za ka sa ba, amma na faɗa. Ni lafiya lau sai gwiwar hagu, ita kam mun saba da juna. Likita ya ce jinina ya ɗan hau, na ce masa ɗana wata bakwai yana kan teku, so kake jinin ya kwanta ya yi barci? Matarka Rinio lafiya. 'Yarka Matula ma lafiya, haƙorinta na gaba ya fita, ta ce in gaya maka kada ka yi mata dariya.

Ka yi haƙuri da rubutun, da yatsa ɗaya nake dannawa, wayar kuma sai ta riƙa sa abin da ban ce ba.

To ga labari. 'Yan kasuwan bakin ruwa sun kafa kwamiti bana, wai za su yi wa yara garin Kirsimeti tun daga inda jirgin fasinja ke tsayawa har cikin dandali. Fitilu a saman titi kamar rufi, lilon dawakai, ɗan jirgin ƙasa mai zagaye da yara, filin ƙanƙara na sulɓi, har da bukkar Ayi Vasilis, Baban Kirsimeti, inda yara za su kai masa takardar kyautar da suke so. Sun ɗauko wani daga Atina, Aris sunansa, shi ne mai tsara komai. Rinio ce sakatariyarsu, kullum da fayil a hammata sai ka ce minista.

Jiya ta zo ta ci wakena, ta yaba har sau biyu, nan na san da magana. Ashe jirgin babanka suke so. Wai a tsakiyar dandali za a kafa shi. Na ce mata jirgin nan shekara talatin da ɗaya a barandata yake yin Kirsimeti. Babanka Lambros da hannunsa ya sassaƙa shi shekarar da ya sauka daga ruwa, ƙwan fitila ɗari uku shi ya jera su ɗaya bayan ɗaya yana zage-zage. Sai ta ce, "Mama, a baranda mutum nawa ke ganinsa? Ke da maƙwabciyarki Asimina da kyanwar Asimina." Na yi dariya, na ce ku ɗauka. Ka san babanka da son a gani. Da yana raye da ya sa hular kyaftin ɗin da bai taɓa zama ba, ya tsaya a gefensa yana gyaran gashin baki.

Ranar Waliyyi Nikola mai tsare mutanen ruwa za a kunna, shida ga wata, kamar yadda muke yi a gida. Da safe zan je coci in kunna maka kyandir tukuna.

Yanzu gaya mini gaskiya, za su sauke ka kafin Kirsimeti ko kuwa? In san yawan biskit ɗin melomakarona da zan gasa, don zuma ta yi tsada.

Mamanka,
Stamatia


A teku, 3 ga Disamba

Mama,

Na gode, ina lafiya, bayan ya yi sauƙi. Ki sha maganin jininki, ki daina yi wa likita gardama.

Jiya muka bar Santos da waken soya, China muka nufa. Kamfani ya ce wanda zai canje ni zai same mu a bakin Cape Town wajen sha biyar ga wata, ƙaramin jirgi zai kawo shi, ni kuma in bi shi in sauka. In haka ta yiwu, sha takwas ina gida. Amma kin san kamfani, kada ki gasa da yawa tukuna.

Na ji daɗin maganar jirgin Baba. Ki ce wa Aris ɗin nan kada ya taɓa wayoyin, tsofaffi ne. Ki ɗauko mini hoto, kuma ki cire yatsarki daga gaban kyamara.

Ki sumbaci Matula, ki ce mata na riga na yi dariyar.

Pandelis


Siros, 7 ga Disamba

Pandelis,

Ina fata kana lafiya. Ni dai jikina lafiya, raina ne ba lafiya.

Jiya aka kunna. Ƙarfe biyar na yamma dandali ya cika, ba inda za ka jefa ƙafa. Masu busa sun yi busa, Fada ya yayyafa ruwa, yara suka ƙirga daga goma zuwa ɗaya, sai gari ya kama wuta gaba ɗaya. Ba zan yi ƙarya ba, ya yi kyau. Matula ta hau dokin lilo sau huɗu, ta ci gasasshiyar masara da gefen baki. Ni kuma ina ta turereniya in ga jirgin babanka.

Pandelis, na gan shi. Duk ƙwan ɗari uku suna ci. Amma hancinsa teku yake kallo. Sun sa ya juya wa gari baya, sun saita shi daidai bakin tashar, kamar mai shirin fita.

Asimina ta kama hannuna ta ce, "Maryamu uwar Yesu, Stamatia, kin ga abin da na gani?"

Na nemo Aris ɗin. Siriri ne, da gyale a wuya, da waya biyu. Na ce, "Ɗana, wa ya kafa jirgin nan?" Ya ce, "Ni ne, Kaka, ya yi kyau ko?" Na ce, "Na farko ni ba kakarka ba ce. Na biyu ka kafa shi a juye. Jirgin Kirsimeti gida yake kallo, don waɗanda ke kan ruwa su dawo. Ko a kan tebur aka ajiye shi, hancinsa cikin ɗaki yake, ba ƙofa ba. Ba a koya muku a Atina ba?"

Sai ya yi wani murmushi irin na ma'aikacin banki. Ya ce wai saboda hoto ne. Mutane za su tsaya a nan, jirgi a bayansu, ruwa a bayan jirgi, fitilu suna rawa a kan ruwan. "Tafiya ke nan, Uwargida Stamatia, buri, sabuwar shekara!" Na ce, "A garin nan kowane gida da mutum a ruwa. Tafiya kam muna da ita har ta yi mana yawa. Dawowa muke nema."

Ya ce zai duba. Ka san ma'anar zan duba.

Rinio ta ja ni gefe tana raɗa, "Mama, don Allah ba a nan ba, ga shugaban kwamiti yana kallo." Na ce ya kalla, ido gare shi. Na ce mata, ke ma 'yar tsibirin nan ce, uwarki ta san wannan, ya aka yi kika bari? Ta ce ita takarda take riƙewa, ba jirgi ba.

Ban ɗauki hoton ba. Ba zan aika maka da hoton jirgin babanka yana barin gida ba.

Ka rubuto.

Mamanka


Siros, 12 ga Disamba

Pandelis,

Kana lafiya? Ka amsa mini wannan kawai. Kwana tara ke nan ban ji daga gare ka ba. Rinio ma ta ce shiru. Ta kira kamfani, wata yarinya ta ce mata komai daidai. Haka suka gaya wa Asimina ma a shekarar da ka sani, da nata bai dawo ba.

Kada ka ce mini tsohuwa ce ni mai camfi. Ni ban ce katako ne ke tuƙa jirginku ba. Abin da na sani, shekara talatin da ɗaya hancinsa na kallon ɗakina, ku kuma kuna dawowa. Bana aka juya shi, bana ka yi shiru. Kai ne mai karatu, ka haɗa da kanka.

Ran Lahadi da muka fito coci, ni da Asimina muka biya ta dandali da kayanmu na coci. Jirgin a kan tayoyi yake, muka sa kafaɗa muka juya shi. Gwiwata ta yi ƙara amma ya juya. Kafin azahar sun mayar. Ran Talata da safe muka sake. Wannan karon ma'aikatan Aris biyu suka zo, ɗaya ya riƙe baya, mu muna riƙe da hanci, ana ta ja. Na ce masa, "Saki, ko in gaya wa uwarka, na san ta, a layin gidan burodi take." Ya saki. Ɗayan baƙo ne, ban san uwarsa ba, shi na nuna wa jakata. Ban buge shi ba, ko me za su gaya maka. Jakar ce ta taɓa shi.

Ashe wani yana ɗauka a waya. Yanzu duk tsibiri sun gani, har mai kifi yana ce mini "Kyaftin, ina muka nufa yau?" Na ce masa inda kifinka ya fito, makon jiya.

Jiya na je, na tarar sun cire tayoyin. Sun ɗaure shi a kan dandamali da noti huɗu manya, sun zagaye shi da jan igiya. Rinio ta zo gida tana kuka, wai na kunyata ta, wai in ina so su dawo mini da shi baranda a huta. Na ce a'a. Ba zan ɗauki jirgin mijina in gudu da shi kamar na sato ba. Su suka roƙa, gari ya gan shi a juye, gari zai gan shi a daidai.

Yanzu kullum ƙarfe huɗu da rabi nake ɗaukar kujerata in zauna a gabansa, bayana ga teku. Iyaye na zuwa da yara su ɗauki hoto, sai su tarar da ni a ciki. Wata yarinya ta tambaye ni ko ni ce matar Ayi Vasilis. Na ce a'a, shi yana dawowa gida kowace shekara a kan lokaci.

Ka rubuto ko da kalma ɗaya ce.

Mamanka


A teku, 16 ga Disamba

Mama,

Ina lafiya, kowa lafiya. Iska ce ta karya mana eriya tun biyar ga wata, sai yau aka gyara. Biyar ga wata, Mama, kafin a kunna jirginku. Ki lura da wannan.

Na buɗe waya na tarar da saƙo arba'in daga Rinio, da bidiyonki daga mutum shida. Har kukunmu ɗan Filifin ya gani, yana tambayata, "Wannan mamanka ce?" Haba Mama! Shekararki saba'in da ɗaya, da ciwon gwiwa, kina kokawa da ma'aikata a tsakiyar dandali. Katako ne da ƙwan fitila. Jirginmu inji gare shi mai tsawon bene uku, ni nake kula da shi, bai san inda hancin jirgin Baba yake kallo ba. Rinio ta sha wahala a kan aikin nan, ki bar ta ta gama lafiya.

Kirsimetin bana dai ba da ni ba. Da wane ido ma zan kalli mutanen bakin ruwa bayan bidiyon nan?

Minti biyar aka ba kowa, sai an jima.

Pandelis


Siros, 17 ga Disamba

Pandelis,

Na gode wa Allah da kake lafiya. Na je na kunna kyandir uku, na yi kukana a can na gama, don haka yanzu ka saurara.

Wato ka ƙi sauka saboda ni. Na karanta sau biyar, na ba Asimina ta karanta da tabaraunta, ita ma haka ta gane. Uwarka ta ba ka kunya, ba ka da idon kallon mai kifi da mai takalma, gara ka wuce China. To madalla. 'Yarka ta rubuta wa Ayi Vasilis takarda, ta kai bukkarsa da kanta, ta tsaya layi rabin awa cikin sanyi. Ban karanta ba amma na san abin da ke ciki, kai ma ka sani. Kai za ka gaya mata, ni ba zan faɗa ba.

Ka ce katako ne. Na san katako ne, ni na share ƙurarsa daga kicin wata uku. Lokacin da babanka ke ruwa, ba waya, ba bidiyo, wasiƙa sai ta yi wata biyu. Muna da wani ɗan ƙaramin jirgi na gwangwani, ka tuna? Kai kake ɗora shi a kan tebur, kai kake saita hancinsa da ƙofar ɗakin kwana, in na goge tebur na kauce da shi kaɗan sai ka yi ta ihu. Lokacin ba ka san inji mai bene uku ba. Me muke da shi ban da wannan? Ku kuna da injinku, mu da muke zaune a tudu ba mu da abin murɗawa. Wannan kaɗai ne aikin da aka bar mana, shi ma ɗan Atina ya zo ya ɗaure da noti.

Eriya ta karye biyar ga wata, na ji. Biyar ga wata da safe suka zo da mota suka ɗauke shi daga baranda. Kai ma ka lura da wannan.

Ba zan daina ba. Jiya mu huɗu ne a kujeru, yau mu bakwai. Duk matan da ke da mutum a ruwa ne, ban kira kowa ba, da kujerunsu suka zo. Aris ya aiko mana da shayi, mun sha, ba mu tashi ba.

In kunyata ce ta hana ka sauka, ka zauna can har Ista. Ni dai ina nan.

Stamatia


A teku, 19 ga Disamba

Mama,

Lafiyata ƙalau. Don Allah ki zauna kafin ki karanta, kuma kada ki ba Asimina, ita ce ke ƙara wa abu gishiri.

Ban ƙi sauka ba. Jakata a ɗaure take tun sha huɗu ga wata, har da 'yar tsanar Matula a ciki. Mun iso bakin Cape Town teku na hauka, ƙaramin jirgin ya fito ya kasa matsowa, ina tsaye ina kallonsa ya juya da wanda zai canje ni. Kyaftin ya jira awa shida ya ce mu tafi. Da haushin wannan na rubuto miki, minti biyar kuma ba su isa in faɗi duka ba. Maganar ido, baƙin ciki ne ya sa na faɗa. Ki yafe mini. Sai China yanzu, ƙarshen Janairu in Allah ya yarda. Na kira Matula na gaya mata da kaina.

Akwai abin da ban gaya miki ba. Kukunmu ya ga bidiyon ya tambaye ni dalilin faɗan, na yi masa bayani. Washegari na shiga ɗakin cin abinci na tarar ya yi jirgi da kwalin madara, ya naɗa masa 'yan fitilu, ya ajiye a kan firij. Na zauna zan ci abinci, idona na kan kwalin. Hancinsa kudu yake kallo, Mama, inda ba kowa sai ƙanƙara. Na ce wa kaina kwali ne. Na ci loma biyu. Na tashi na hau sama wajen mai riƙe da taswira na ce ya ba ni saitin Siros daga inda muke. Ya ce digiri ɗari uku da hamsin, lafiya? Na ce ba ruwanka. Na sauko da kamfas na juya kwalin.

Yanzu kullum da safe sai na gyara shi, don jirgi na tafiya, saitin na canzawa. Kuku kuma da na fita sai ya karkata shi wajen Manila. Jiya har muka ɗaga wa juna murya. Injiniya na biyu, shekara arba'in, yana faɗa a kan kwalin madara.

Na ƙara girman bidiyon da Rinio ta aiko na duba notin nan. Lamba sha bakwai ne. Sifana tana cikin akwatin Baba na ƙarfe, ƙarƙashin matakala. Hagu ake murɗawa. Ki cire fulogi tukuna, kuma kada ki ɗaga da kanki.

Ɗanki,
Pandelis


Siros, 22 ga Disamba

Pandelis ɗana,

Ina gaishe ka, ina gaida kukunku, ka ce masa ya yi nasa jirgin ya bar maka naka, kwalin madara bai ƙare a duniya ba. Ni lafiya, gwiwa ta kumbura amma ta kumbura da dalili. Na yafe maka. Na ba Asimina ta karanta, kada ka yi fushi, ta yi kuka har da majina.

Yau bayan coci muka tafi. Ba a ɓoye ba, rana tsaka, dandali cike da yara. Na ce wa matan lamba sha bakwai, sai ga sifana goma sha ɗaya sun fito daga jakunkunan coci. Kowace da akwatin mijinta ƙarƙashin matakala. Mu ashirin da uku ne, na ƙirga. Na cire fulogi kamar yadda ka ce, muka tsallake jan igiyar, wasu sai da aka ɗaga musu ƙafa.

Noti uku suka fita lafiya. Na huɗu ya ƙi. Na murɗa, Asimina ta murɗa, wata ƙatuwa matar mai tuƙin jirgin mai ta hau kai da ƙafa, ko motsi. Sai ga Aris a guje, gyale na tashi. "Uwargida Stamatia, don Allah! Wannan kayan kwamiti ne, akwai takarda!" Asimina ta ce, "Kawo takardar mu shimfiɗa, gwiwarmu na ciwo." Mai jirgin ƙasan yara ya tsayar da jirginsa a gabanmu, yara duk suka miƙe suna kallo.

Sai ga Rinio ta ratso mutane da fayil ɗinta. Na ce shi ke nan, yau za a yi ta a gaban jama'a. Aris ya ce, "Yawwa Rinio, yi wa surukarki magana." Ba ta ko kalle ni ba. Ta miƙa masa fayil ɗin ta ce, "Riƙe mini." Ya riƙe, don bai san me zai yi ba. Ta karɓi sifana daga hannuna, ta durƙusa da siket ɗinta mai kyau, ta ce, "Mama, dama kike murɗawa tun ɗazu, ƙara ɗaure shi kuke yi." Murɗa ɗaya ta yi ya saki. Aris ya ce, "Rinio, hoton fa?" Ta ce, "Mijina ne a ruwan, ba naka ba."

Muka ɗaga shi mu duka, ni hannu kawai na ɗora, na rantse. Yara na ihu, hagu, hagu, kamar su suka san hanya. Muka sauke shi hancinsa na kallon layinmu, in ka tsaya a bayansa ka miƙa ido har barandata kake gani. Rinio ta mayar da notin huɗu da kanta, ta ɗaure su tamau, ta jefa sifanar a jakarta.

Ƙarfe biyar aka kunna, duk ɗari ukun suka kama. Mutane suna ta ɗaukar hoto yadda suka saba, ban ga wanda ya mutu ba. Shugaban kwamiti bai gaishe mu ba. Ko za su cire Rinio daga sakatariya oho, ta ce su cire, ta gaji da fayil. Ta zo gida mun gasa melomakarona tare, ta sa zuma da yawa, na ƙyale ta. Naka na sa a gwangwani, za su bushe kafin ka zo, haka za ka ci su.

Ga hoto nan. Yatsar da ka gani a gefe tawa ce, ka yi haƙuri da ita.

Saura abu ɗaya. Da zan tafi Aris ya biyo ni, ya ce to na ci nasara, amma in sani bakwai ga Janairu za a kwashe komai, lilo da ƙanƙara da fitilu da jirgi. Na ce ka kwashe lilonka da ƙanƙararka. Ɗana sai ƙarshen Janairu zai sauka, jirgin nan kuma yana nan a kunne har ya tako dandalin nan da jakarsa. Ya ce ba zai yiwu ba. Na ce zan duba.

Na riga na gaya wa matan su zo da barguna, Janairu akwai sanyi.

Mamanka,
Stamatia